Nauyin Takobi

Ƙarfe biyun dare a Gdansk.
Ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa sun yi cirko-cirko a taga
kamar zalɓe na dakon kifi.
Daga ni sai allon kwamfuta, sai shayin da ya huce,
sai jarumar da ban gama ƙerawa ba.

Dobrawa na raɗa mata.
Na auna mata rai maki arba'in,
takobi mai tsatsa, garkuwar katako,
na tsayar da ita a bakin gada
inda kyarketai uku ke jiran mai tsautsayi.

Aikina lissafi ne da ido ba ya gani.
Tsakanin danna maɓalli da saukar sara
akwai ɗan tsaiko, sulusin daƙiƙa.
In na rage shi, takobi ya koma karan dawa,
in na ƙara, ya zama taɓarya a hannun yaye.
A wannan ɗan tsagi nauyi yake kwana.

Da safe Ksawery ya leƙo da takarda:
"Mutum goma suka gwada, shida sun faɗi a gada,
huɗu cikinsu ba su waiwayo ba.
Bogna, sassauta. Cire wa kyarkeci haƙori.
Ba su sabon mataki duk minti biyar,
da walƙiya, da ƙarar kuge.
Kowa na son a ce masa ya girma."
Na ce to.
Na ja layi mai hawa sumul, ba ko gargada.

Ran Laraba nakan bi jirgin titi zuwa Oliwa.
Babana, shekara talatin da ɗaya yana walda a cikin jirage,
hannun da ke sungumar tukunyar gas kamar buta,
tun da ɓarin jiki ya shanye
cokali yake koyo.
Makon fari, miya a ƙirji.
Mako na shida, ta kai haɓa.
Sai wata guda cur, shiru kake ji,
har baya ya koma,
ya yi jifa da cokalin, ya zagi bango.
Ba walƙiya, ba kuge.
Wata Laraba ina masa ƙorafin kuɗin haya,
na duba, kwano wayam.
Shi kansa bai san yaushe ba.

Daren nan na goge layina.

Na bar wa kyarkeci haƙoransa.
Amma duk saran da Dobrawa ta kai,
ya samu ko ya kuskure,
yana aske tsaikon nan da ƙiris,
ba kuwa lambar da za ta tsegunta maka.
Tsakanin mataki na tara da na goma
na shimfiɗa fako mai nisa
inda za ka rantse ba ka motsi.
Na sa rauni ya bar tabo:
kafaɗar da aka sara ba ta sake ɗaga garkuwa kamar da,
dole mai ita ya koyi goce kai,
hagu ta karɓi gadon dama.

Ksawery ya ce za mu yi asarar 'yan wasa.
Mai yiwuwa. Muka yi ciniki kamar a kasuwar kifi:
na ba shi kugensa a mataki na goma,
ya bar mini tabona.

Na kai wa baba wasan, na ɗora masa a cinya.
Da hagu ya riƙe.
Sau goma sha ɗaya kyarketai suka yi kalaci da shi.
Ma'aikaciyar jinya ta zo da magani, ya ce ta dakata.
A na sha biyu ya kayar da ɗaya,
biyun suka gama da shi.

Ya daɗe yana duban allon,
duban da yake wa ƙarfe kafin ya kunna wuta.
"Takobin nan," in ji shi, da rabin baki,
"nauyinsa ya taru a tsini.
Mayar da kaɗan wajen ƙota."

Na rubuta a bayan tikitin jirgi.
Kafin in ɗago, ya riga ya koma gada.